Ranar Haihuwar Maccido Mai Tafireta

Duk wanda ya taɓa neman takardar gwamnati a Ƙofar Marke ya san Maccido mai tafireta. Shekara arba'in da 'yan kai ya yi a gindin wani dogon yaro, daura da ƙofar wani ofishin gwamnati, da teburinsa mai gajeriyar ƙafa ɗaya da yake tokarewa da guntun bulo. Ɗan Malam Gazali ne, malamin zaure da ya karantar da fiƙihu har ya koma ga Allah. 'Ya'yan Malam duk sun bi sawunsa, Maccido kaɗai ya karkace. Ya yi allo, ya yi boko har aji uku na sakandare, sannan ya ga karatu ya ishe shi. Abin da ya fito da shi daga makaranta shi ne kyan rubutu, da Turancin da ya isa a roƙi gwamnati da shi.

Da wasiƙa ya fara. Mutanen ƙauye su zo su zauna a benci, su faɗi abin da suke son gaya wa 'ya'yansu da ke ci-rani a Kudu, shi kuma ya gyara musu zance ya cire zagi. Da wayar hannu ta zo ta kashe wasiƙa har jaje aka riƙa yi masa. Amma gwamnati ba ta bar shi da yunwa ba. Duk bayan 'yan shekaru sai ta ɓullo da sabon abu: katin zaɓe, katin ɗan ƙasa, lambar banki, rajistar layin waya. Kowanne da fom ɗinsa, kowane fom kuma da gurbin ranar haihuwa.

A wannan gurbin Maccido ya yi suna. Yawancin masu zuwa wurinsa ba su san ranar da aka haife su ba, don ba wanda ya taɓa tambayarsu sai gwamnati. Sai ya ɗaga kai ya dube su, ya tambayi mutum ko yana da wayo lokacin da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira, ko ya tuna shekarar da motoci suka koma hannun dama. Daga nan sai ya yanke shekara. Rana da wata kuwa ba ya wahalar da kansa, ɗaya ga Janairu yake ba kowa. Idan mai neman aikin gwamnati ne sai ya rage masa biyar ko bakwai don ya daɗe yana ci. Idan yaro ne da ake son ya yi zaɓe sai ya ƙara masa biyu. Bai taɓa ganin laifi a ciki ba. Yakan ce shi bai rantse wa kowa ba, rubutu kawai yake yi, kuma duk wanda ya tashi daga bencinsa da godiya yake tashi. Masu barkwancin unguwa sukan ce rabin Ƙofar Marke rana ɗaya aka haife su, kuma Maccido ne ungozoma.

Ana haka sai rediyo ya fara zancen wata sabuwar shaida da gwamnati ke shirin fitowa da ita. Wai lalita ce, amma ba ta fata ba, a cikin waya take. Duk katunan mutum za su shige ciki, ya nuna waya kawai a banki ko asibiti a san shi ne. Ba a jima ba sai ga takardar gayyata an kawo masa har gindin dogon yaro, ana kiransa taron wayar da kai a matsayin mai ruwa da tsaki. Maccido ya karanta ta sau uku. Ran taron ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya ce wa matarsa Atika kada a jira shi da abincin rana, gwamnati ke nemansa.

A ƙofar zauren taro aka tsayar da kowa. Ba mai shiga sai ya ba da fotokwafin katin shaidarsa guda biyu da hoton fasfo. Da aka gama wannan aka zauna, sai wani jami'i mai kwat da ya zo daga Abuja ya tashi ya yi albishir cewa zamanin takarda ya ƙare. Ya sa aka kunna majigi zai nuna yadda lalitar ke buɗewa, sai aka ɗauke wuta. Aka tayar da janareto, sai sabis ya tafi. Jami'in ya ɗaga wayarsa sama ya zaga zauren da ita har bakin taga, jama'a na bin hannunsa da kallo. A ƙarshe ya ce su ɗauka ta buɗe, aka tafa masa.

Abu ɗaya Maccido ya riƙe daga jawabin. Kafin a ba mutum lalita sai duk bayanansa sun zama iri ɗaya. Suna da ranar haihuwa da ke banki, da na katin zaɓe, da na layin waya, da na lambar ɗan ƙasa, dole su yi daidai ko harafi ɗaya kada ya bambanta. Wanda nasa suka saɓa ya je ya gyara tun yanzu, kafin a rufe ƙofa. Maccido ya ajiye gorar ruwan da aka ba shi. Ya fara tuno fuskokin da suka zauna a bencinsa fiye da sau ɗaya.

Na farkon da ya iso shi ne Lawali, abokinsa tun na ƙuruciya, wanda ya ƙare ƙarfinsa wajen fasa dutse da lodin siminti a Kalambaina. Ya zo da wata baƙar leda ya zazzage ta a kan tebur. A takardar aikinsa an haife shi 1968. A katin zaɓe 1958. A banki 1963. Ya ce an gaya masa a ofis cewa mutum uku ne shi, kuma a cikin ukun akwai wanda ƙanensa ya girme shi.

"Maccido, kai kar rubuta su duka ukku," in ji Lawali. "Yanzu ka gaya min wane na ni."

Maccido ya juya takardun. Rubutunsa ne, ba musu. Ya tuna masa cewa ta aikin shi ya roƙa a rage, ta zaɓe kuwa ranar ya zo da furfurar siminti a kai, ta banki kuma tsakiya aka raba don a yi adalci. Lawali ya ce bai zo jin tarihi ba. Ya nuna masa tafin hannunsa, ya ce ga wata sabuwa, na'urar ofis ta ƙi karanta yatsunsa, siminti ya cinye zanen. An shafa musu mai, an goge da ƙyalle, an ce ya hura musu iska, duk a banza. Maccido ya ce yatsu ba aikinsa ba ne, amma shekaru zai gyara. Ya zura takarda a tafireta ya buga masa takardar rantsuwa, wadda ke cewa Lawali na farko da na biyu da na uku duk mutum ɗaya ne.

Daga ranar bencin bai sake hutawa ba. Mutanen da ya haifa shekaru talatin baya suka riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya, wasu da faɗa, wasu da dariya, kowa dai sai ya zauna an buga masa rantsuwa. Har benci na biyu ya aro daga wajen mai shayi. Fargabar da ya kwaso daga taro ta washe, ya fara yabon gwamnati a fili, yana cewa ba a taɓa yin mai hangen nesa irinta ba. A gida ma abin ya same shi. Atika ta je gyara layinta aka gaya mata cewa a takarda shekara tara ta ba babbar 'yarsu Na'ima. Ta dawo ta ajiye masa tuwo, ta tambaye shi cikin natsuwa ko a wace makarantar aka koya masa lissafi. Ya ce mata ai gata ya yi mata. Ta ce ta gode, amma ya je ya yi wa ma'aikatan bayani da kansa, don ita ta ji kunya.

Bai taɓa kawo kansa cikin lissafin ba sai ranar da banki ya turo masa saƙo cewa ya je ya daidaita bayanansa. Ya tsallaka titi ya shiga ofishin da ya yi shekaru yana tura mutane, ya bi layi kamar kowa. Yarinyar da ke kan kwamfuta, Khaula, ta san shi. Shi ya cike mata fom ɗin shiga sakandare. Ta gaishe shi da ladabi, ta buga lambarsa, ta dubi allo.

"Baba, ku ukku na gani," ta ce.

Ta juyo masa da allon. Akwai Machido Gazali na 1960. Akwai Maccido Gazzali na 1964. Akwai kuma Muhammad Macido na 1957, wanda ya ƙirƙiro wata shekara da aka ce za a raba wa dattawa taki. Duk ukun ɗaya ga Janairu. Khaula ta ce ya zaɓi ɗaya, ya kawo rantsuwa, a haɗe sauran a kansa. Ta ce ta 1964 ta fi sauƙi tunda ita ke banki. Sannan ta tambaye shi, don son sani kawai, wace ce ta gaskiya. Maccido kansa bai sani ba. Ya ce mata zai dawo.

Da la'asar ya nufi gidan mahaifinsu, inda yayansa Malam Abdurrashid yake zaune. Shi ya gaji zauren da littattafan, bayan ya yi ritaya daga koyar da Larabci a makarantar gwamnati. Ba su cika zama tare ba. Ba faɗa suke yi ba, sai dai Malam Abdurrashid mutum ne mai kallon da ke sa Maccido ya ji kamar bai yi alwala daidai ba. Da ya ji abin da ya kawo shi sai ya miƙe. Ya shiga ɗaki ya fito da wata tsohuwar gafaka, ya zaro littafin fiƙihun da mahaifinsu ya fi karantarwa, ya buɗe bangon ƙarshe ya miƙa masa.

Rubutun Malam Gazali ne da tawadar da ta koma ja. Ya jera haihuwar 'ya'yansa duka, kowa da layinsa. Maccido ya bi da yatsa har ya zo kan nasa. An haifi Muhammadu ranar Alhamis bayan azahar, sha uku ga Rajab, shekara ta 1381 bayan Hijira. A sama da shi akwai layi biyu na yara maza da bai taɓa jin sunansu ba, kowanne da ranar zuwa da ranar komawa, ba wanda ya kai wata huɗu. A gefen nasa layin Malam ya ƙara da ƙananan haruffa cewa kakarsa ta sa masa Maccido, wato bawa, ko Allah zai bar musu wannan.

Ya daɗe yana kallon wurin. Shekara sittin da wani abu ana kiransa da sunan nan bai taɓa tambayar dalili ba. Malam Abdurrashid ya ɗauko kalandar da ke haɗa lissafin biyu, suka bi suka gano ranar ta zo daidai da ashirin da ɗaya ga Disamba, 1961. Ba ta cikin ukun da gwamnati ta sani.

Maccido ya ce wannan yake so a rubuta masa. Yayansa ya dube shi ya ce ba ta huɗu ke nan ba? Maccido ya ce ita ce ta farko.

Washegari ya koma ofis rungume da gafaka, bayan ya yi wa yayansa alƙawarin ba zai bari kowa ya taɓa littafin ba alwala ba. Khaula ta karanta layin da kanta, don ta yi Islamiyya, ta ce wallahi ba ta taɓa ganin shaida mai ƙarfin wannan ba. Sannan ta nuna masa jerin abubuwan da kwamfuta ke karɓa. Babu bangon littafi a ciki. Ta ce sabuwar rana babban gyara ce, sai fayil ya je Abuja, kuma sai da takardar kotu wadda wani ɗan'uwa da ya girme shi zai rantse cewa ya san haihuwarsa. Maccido ya ce wannan mai sauƙi ne, yana da yaya.

Da ƙyar ya shawo kan Malam Abdurrashid, wanda bai taɓa taka harabar kotu ba. Suka je tare a Keke Napep, Maccido ya buga takardar da hannunsa. Magatakardan da ke buga hatimi ya karɓi katin Malam Abdurrashid ya duba, ya duba takardar, ya sake duba katin. Ya ce wannan ai ƙane ne. Katin ya ce an haifi Abdurrashid ɗaya ga Janairu, 1963, yaya za a yi wanda aka haifa a 63 ya shaida haihuwar 61?

Malam Abdurrashid ya juyo a hankali ya dubi Maccido. Shi kuwa ya riga ya tuna. Lokacin da yayansa zai shiga aikin koyarwa shi ya cike masa fom, ya zaftare masa shekara bakwai, bai ma gaya masa ba sai bayan an ɗauke shi. Ya yi ƙoƙarin yi wa magatakarda bayani, ya ce a dubi gemun mutumin nan, a dubi nasa. Magatakarda ya ce shi ba ya buga hatimi a kan gemu. In suna so, malamin ya fara gyara tasa shekarar tukuna. Malam Abdurrashid ya ce da wannan ranar ya yi aiki, da ita ya yi ritaya, da ita ake ba shi fansho, ba zai taɓa ta ba ko da wasa. Suka koma, da za su rabu a bakin lungu sai Malam Abdurrashid ya juyo.

"Sai an jima, Yaya," ya ce da Maccido, ya shige gida.

Akwai wani tsoho da ke zama a ƙofar kotun, ana ce masa Baffan Kowa. Katinsa ya ce an haife shi 1940, kuma ba abin da yake yi sai zama baffan duk wanda ya rasa babba a gida. Maccido ya san shi sarai, shi ke tura masa mutane shekara da shekaru. Sati guda ya yi yana kai-kawo a ransa. Ya gaya wa Atika cewa ba zai iya ɗora rubutun mahaifinsa a kan rantsuwar mutumin da bai taɓa ganin Malam Gazali ba. Atika ta ce to ya ɗauki ta 1964 ya huta, ai ita ma shi ya rubuta ta. Ya ce wannan ma ba zai iya ba yanzu. Ta ce to ya zauna a mutum uku, tuwon dai na mutum ɗaya za ta riƙa zubawa.

Ran Litinin ya je wurin Baffan Kowa. Tsohon ya yi murna da ganinsa, ya ce yau mai aikowa ne ya zo da kansa. Suka shiga. Baffa ya tsaya gaban magatakarda ya ce shi ƙanen Malam Gazali ne, yana tsakar gida aka haifi yaron nan, har shi ya riƙe ragon suna. Maccido ya sunkuyar da kai. Magatakarda bai ko ɗago ba, ya buga hatimi ya miƙo takarda. Duk abin bai kai minti biyar ba.

Wata bakwai fayil ɗin ya yi a Abuja. A tsakani an ɗage ranar ƙaddamar da lalitar sau biyu, an sake wani taron wayar da kai, an sake karɓar fotokwafi a ƙofa. Lawali ya samu an haɗe masa shekarunsa a kan ta tsakiya, amma yatsunsa har yau na'ura ba ta san su ba, an sa shi a jerin waɗanda za a duba lamarinsu. Wata safiya Khaula ta tsallako titi da kanta ta gaya wa Maccido cewa gyaransa ya fito, ranar da yake so ita aka sa. Ta ce har an saka shi cikin waɗanda za a fara gwada lalitar da su, ya kawo wayarsa.

Ya zaro ta daga aljihu. Ƙaramar waya ce mai madannai, ɗaure da kyauro. Khaula ta ce wannan ba za ta ɗauka ba, sai babba. Suka yi shawara, aka kira Na'ima daga gidan mijinta a Kalambaina, aka zuba mahaifinta a cikin wayarta. Ta nuna masa hotonsa a allo da sunansa da ranar haihuwarsa a ƙasa. Ya karɓi wayar da hannu biyu ya kai ta kusa da ido, ya karanta lambobin a bayyane, ya mayar mata. Ya ce ta kula da ita, kada ta bari yara su yi wasa da shi.

Yana nan a gindin dogon yaron har yanzu, da benci biyu. Idan ana neman shaidarsa a banki sai ya buga wa Na'ima waya ta hau mota ta zo, in kuwa tana wajen biki ko cajinta ya ƙare sai ya haƙura sai gobe. Malam Abdurrashid ya aiko an karɓi gafakar tun tuni, amma kafin a mayar Maccido ya kwafe shafin nan da hannunsa, har da layukan yaran nan biyu. Ya tambayi wata gwaggonsu da ta rage inda aka binne su, ta ce ba ta tuna ba, an daɗe.